Ɗiyar Ango da Injunan Maiguwa

Fatiha tana bayan zana tana dunƙula gumbar sadakar ukun babanta lokacin da ta ji maganar da kunnenta. Maza na zaune a ƙofar gida bisa tabarmi, an shafa addu'a, ana jiran a kawo goro. Sai muryar Alhaji Maiguwa ta taso, ba da ƙarfi ba, daidai yadda na kusa da shi za su ji.

"Ai rana yac ce shina so. To, ga rana ta ɗauke shi."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta da tari. Liman ya ce, "Haba, Alhaji." Daga nan aka shiga zancen kuɗin taki.

Fatiha ta dubi gumbar da ke hannunta, ta ga ta matse ta har ta fito ta tsakanin yatsunta. Ba ta yi kuka ba. Ta goge hannu a bakin ƙwarya, ta ɗauki wani curin, ta ci gaba.

Garinsu, Tudun Mahdi, yana gab da Karofane, a bakin wata fadama da ake noman albasa da rani. Shekara da shekaru duk wanda ke da garka a fadamar nan, a hannun Maiguwa ruwansa yake. Shi ke da injunan ban ruwa uku, shi ke sayar da isansi, man fetur ɗin da suke sha, a rumfarsa ta bakin hanya, cikin kwalabe da jarkoki. In ya tada maka inji, buhu ɗaya cikin kowane uku nasa ne ranar cirar albasa. Tun asuba fadamar ke ɗaukar ƙara da baƙin hayaƙi, har mata masu zuwa cirar haki su koma gida da ciwon kai. Mutane sun saba, ba su ma jin warin.

Ango, baban Fatiha, tsoho ne ɗan saba'in da wani abu, marar hayaniya, wanda ya san albasa kamar ya san 'ya'yansa. Laifinsa ɗaya. Ranar da mutanen wani proje, shirin raya karkara, suka zo daga Madawa suka tara jama'a a ƙofar maigari, suka yi bayanin famfon da ke aiki da hasken rana, kowa ya yi shiru yana kallon fuskar Maiguwa. Ango ne ya miƙe, ya dogara da sandarsa, ya ce in dai abin nan gaskiya ne, shi yana so, don rana ba a saye ta a kwalba. Aka yi dariya. Maiguwa ma ya yi.

Sati biyu bayan haka, albasar Ango ta fara ƙwai, lokacin da in ta rasa ruwa kwana uku ta tashi daga aiki, sai aka ce injin da ke ba shi ruwa ya lalace. Injin yana can garkar maƙwabcinsa yana ta ruri. Ango bai je roƙo ba. Ya buɗe tsohuwar rijiyar da ke kusurwar garkar, ya ɗaura wasaki, ya shiga ja da hannu. Kwana tara ya yi yana ja cikin zafin nan na farkon bazara, yana bin fangali ɗaya-ɗaya da bokiti. Rana ta tara, da azahar, masu wucewa suka same shi kwance a bakin rijiyar, igiya naɗe a hannunsa. Kafin a kai shi likitar Karofane bisa amalanke ya cika.

Fatiha tana aure a Madawa, mijinta Sufyanu direban kamyo ne, babbar mota mai lodin albasa zuwa kudu. Tana da keken ɗinki da 'ya'ya uku, ta yi lakkwal, makarantar boko, har ta samu birebe, takardar gama ƙaramar sakandare. Babanta bai gaya mata an yanke masa ruwa ba. Kowane kira sai ya ce lafiya lau, albasa ta yi kyau. Wannan ma ta ɗora shi a kan Maiguwa.

Bayan arba'in ta koma Madawa, ta nemi biro, wato ofishin projen, har ta same shi a bayan tasha. Wadda ke riƙe da aikin wata injiniya ce, Raihana, doguwar mace 'yar Keita, mai magana da sauri. Ta tuna da Ango. Da ta ji abin da ya faru, ta ce sun cire Tudun Mahdi daga tsarinsu, don ba wanda ya yarda ya ba da filin da za a gina foraj, wato rijiyar burtsatse, kuma ba a samu mutum ashirin da za su sa hannu ba.

"Fili akwai," in ji Fatiha. "Garkar babana. Ƙanena da ke Abijan ya yarda. Mutum ashirin kuma ki bar min su."

Raihana ta yi murna, ta jawo takardu ta shiga bayani. Ta ce hayaƙin mai da ake ƙonawa a duniya shi ke ƙara zafin nan, shi ke rikita damina. Ta ce ƙasashe sun sa wa kansu lokacin da abin da ake turawa sama ba zai wuce abin da itatuwa da ƙasa ke iya shanyewa ba, kuma duk injin da aka kashe aka sa pano, farantin da ke kama hasken rana, a madadinsa, an matsa kusa da ranar.

Fatiha ta saurare ta har ta gama. Ta ce, "Madam, ni ban san injunan duniya ba. Uku na sani, kuma na san mai su."

Raihana ta dube ta da kyau. Ta miƙa mata takardar sa hannu.

Fatiha ta rufe keken ɗinki da zane, ta kai yara gidan uwar mijinta, ta koma Tudun Mahdi ta sauka ɗakin Gwaggo Balki, ƙanwar babanta. Ta san in ta bi maza a dandali ba wanda zai kalle ta, kowa na tsoron a ce an gan shi. Sai ta bi ta cikin gidaje. Ta taya wannan sussuka, ta kitsa wa waccan kai, ta zauna da mai jego. Ba ta yi musu zancen zafin duniya ba. Tambaya ɗaya take yi: bara buhu nawa mijinki ya cire, nawa suka shigo gidan nan? Matan sun san amsar fiye da mazan. Sati shida ta yi tana wannan yawo. Mazan suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya gidan Gwaggo Balki da hantsi, kamar masu zuwa gaisuwa, su dangwala yatsa su fita ba su waiwaya ba. Ta samu ashirin da uku.

Maiguwa ya ji. Ya tare ta wata ranar kasuwa a gaban rumfarsa, yana zaune bisa kujerar roba, kwalaben isansi jere a gabansa.

"Ɗiyata, an ce ke ta za ki kawo muna wuta daga sama."

Tun tana yarinya Baba Maiguwa take ce masa. Ranar ta ce, "Ina wuni, Alhaji," ta tsaya a tsaye, ba ta rusuna ba.

"Ki koma ɗakin mijinki. Abin ga na Nasara, shekara guda shi mutu, su bar ku da ƙarhe. Sannan duk wanda yas sa hannu shi zo nan shi iske ni."

"In sun zo sai ka ba su ruwa, awa yadda kab ba babana."

Masu sayen mai suka sunkuyar da kai. Ta wuce.

Bayan damina aka gina foraj a tsakiyar garkar Ango, aka kafa pano goma sha takwas bisa ƙarafa, aka ɗaga shato, babban tankin ruwa, aka binne tiyo zuwa garake ashirin da uku. Raihana ta ce tana son mutum biyu su koyi gyara. Fatiha ta ce ita ce ta farko. Ta yi sati uku a Madawa tana koyon haɗa waya da wanke pano da karanta akwatin da ke juya wutar, ta dawo da jakar kayan aiki da tabon ƙuna a yatsa. Da aka zo zaɓen kwamite, matan suka cika ƙofar maigari duk da ba a kira su ba, suka tsaya daga baya. Aka ba Fatiha shugabanci, aka ba ta makullin famfo.

Maiguwa bai zauna ba. Aka fara cewa panon na korar hadari. Aka ce ruwan da wutar rana ta jawo yana ƙona saiwa. Wata safiya ta iske an fasa pano biyu da dutse. Kowa ya san daga inda dutsen ya fito, maigari ya ce a kai magana jandarma. Fatiha ta ce a'a. Ba ta son a kai shi Buza a tsare kwana biyu ya dawo ana yi masa jaje. Ta kwance fasassun da hannunta, ta ɗaura sababbin da Raihana ta aiko, ta sa aka kewaye wurin da waya. Fasassun kuma ta jingina su a bakin hanya, daidai inda in ya zauna a rumfarsa su yake kallo.

Ranar da ruwa ya fara zuba, abin da ya fi ba mutane mamaki shiru ne. Tiyo na aman ruwa kamar cinyar mutum, ba ƙara, ba wari, ana jin kukan tsuntsaye daga ƙarshen fadama. Tsofaffi suka riƙa kai kunne jikin akwatin. A ranin nan mutum ashirin da uku suka cire albasa suka cika rudunsu na ajiyar albasa ba wanda ya zo ya ware nasa. Rani na biyu bai zagayo ba sai da sauran suka biyo, har surukin Maiguwa. Aka ƙara pano. Injunan uku suka koma garkar mai su, wadda ita ce mafi girma a fadamar, tana ƙasa da ta Ango, tiyon kwamite na wucewa ta bakin shingenta.

Gwaggo Balki ta ce mata, "To, ɗiya, kin yi. Ya rasa masu ba shi albasa, rumfa ta mutu. Ki koma ma yaranki."

Fatiha takan je Madawa ta kwana uku ta dawo. Ta ce, "Gwaggo, har yanzu shina cin tuwo da miya."

Abin da take jira ya zo a rani na biyun, ba ta hanyar da ta zata ba. Isansi ya ɓace a ƙasa. A Madawa motoci na yini a layin gidan mai su tashi ba su samu ba. Masu kawo wa Maiguwa daga iyaka suka daina zuwa. Sufyanu kansa ya ajiye kamyo. Maiguwa ya ƙona man da ke cikin tano, wato duro, ya juye kwalaben rumfa, ya tsiyaye tankin babur ɗinsa. Wata safiya injunan uku suka yi shiru. Albasarsa ta fara ƙwai.

Kwana biyu ya daure. Ya aiko surukinsa, Fatiha ta ce mai garka ya zo da kansa. Rana ta uku da hantsi ya zo. Tana bisa tsani tana wanke pano da tsumma, ta gan shi tun daga nesa, ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ba ta sauko ba.

"Ɗiyar Ango," ya ce, yana ɗaga kai, rana na dukan idonsa. "Na zo a sa ni cikin kwamite. Tiyo na bakin shingena. Taki biyar na."

"Kwamite na zama ranar Juma'a."

"Yau Asabar. Albasar ba ta kai Juma'a."

"Akwai rijiya cikin garkarka," ta ce. "In ba ka da wasaki, na babana na nan rataye."

Ya juya.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Liman ya zo ya yi mata nasiha, ta ji shi da ladabi, ta ce Juma'a. Maigari ya aiko, ta ce ƙa'idar da suka sa wa hannu ce, ba ita ta rubuta ba. 'Yan kwamite da ke iya tilasta mata suka yi shiru, don kowannensu yana da abin da yake tunawa. Raihana ta zo da babur ran Litinin, ta ja ta gefe.

"Yaya Fatiha, injunansa su ne na ƙarshe a fadamar nan. In ya shigo, ba sauran mai ƙona mai a nan, ko ɗaya. Abin da muka zo yi ke nan. In kin hana shi, mai na dawowa zai tada su."

"Ban ce ba ya shiga ba."

"To mi kike jira?"

"Kwana tara."

Raihana ta ce wannan ba aikin proje ba ne. Fatiha ta ciro makullin daga bakin zanenta ta miƙa mata. "Ga shi. Ki buɗe mai da hannunki, ki gaya ma matan garin ga ke kinka buɗe." Raihana ta kalli makullin, ta kalli matan da suka daina cirar haki suna kallonsu. Ta hau babur ɗinta ta tafi ba sallama.

Maiguwa yana da 'ya'ya maza, amma duk suna waje, ɗaya a Konni, biyu a Libiya. 'Yan ƙwadago kuwa suna garaken da ke da ruwa. Ya ɗauki mutum biyu daga wani ƙauye, suka ja yini ɗaya suka ga girman garkar suka gudu. Sai ga Alhaji Maiguwa, mai shekara sittin da biyar, da tumbinsa, ya tuɓe riga yana jan wasaki. Fatiha takan zo ta tsaya a bakin shingen da azahar, a inuwar wani bagaruwa, ruwan kwamite na gudu cikin tiyo ƙarƙashin ƙafarta. Tana kallon tafin hannunsa ya fashe ya naɗe shi da tsumma. Tana kallon ganyen albasar na kwantawa fangali bayan fangali, daga kore zuwa ruwan toka. Ta zaci za ta ji tausayi a wani wuri, ta jira, bai zo ba. Abincinta ma ya fi shiga a kwanakin.

Juma'a kwamite ya zauna. Ta ce takardarsa ba ta cika ba, sai an auna garka, mai awo kuma sai Litinin. Gwaggo Balki ta tashi daga bayan taron ta ce, "Fatiha, ki ji tsoron Allah. In yam mutu can, mi ab bambancinki da shi?"

"Shi yana da wanda zai roƙa, babana bai da shi," in ji Fatiha.

Daga ranar Gwaggo ta daina ci da ita a kwano ɗaya.

Bai mutu ba. Rana ta bakwai ya zauna a bakin rijiyar ya kasa tashi, matarsa ta zo ta kama shi suka tafi gida. Rana ta tara, Litinin, Fatiha ta aika a gaya masa sharaɗinta. Injunan uku za a ɗoro su bisa amalanke a kawo ƙofar gidan Ango, ba a sayar wa wani gari su je su yi hayaƙi a can ba, maƙeri zai farfasa su a gaban jama'a. Kuma Maiguwa zai maimaita, a wurin da ya zauna ranar sadakar uku, abin da ya ce.

Ya zo. An riƙo shi, hannuwansa naɗe. Gari duk ya taru. Ya tsaya ya faɗi maganar da murya ƙasa-ƙasa, Fatiha daga bakin zaure ta ce ba ta ji ba. Ya sake faɗa. Ya ce, "Na ce haka. Kuma injin bai lalace ba, ni nis sa anka ɗauke shi." Wata tsohuwa ta yi salati. Maƙeri ya ɗaga guduma. Sai da ya yi awa biyu yana duka, baƙin mai na malala a ƙasa, kaji na gudu.

Da la'asar Fatiha ta je da jakar kayan aikinta ta haɗa tiyon da kanta, ta buɗe. Ruwa ya shiga garkar Maiguwa. Kashi biyu cikin uku ya riga ya mutu.

Bai sake buɗe rumfa ba, ko da isansi ya dawo. Ya sayar da rabin garkar, yana noma rabin da ruwan kwamite, ranar da aka ba shi, bayan na kowa. In ya hango ta a hanya yakan ratse. Ƙarfen injunan maƙeri ya yi hauyoyi da sauran kayan noma da shi, aka raba wa matan da suka fara sa mazansu dangwala yatsa. Gwaggo Balki ta koma gaishe ta, amma gaisuwar baƙo. A gari wasu na cewa ɗiyar Ango ta yi abin da namiji bai yi ba, wasu na cewa zuciyarta dutse ce, a yi hankali da ita. Duka biyun suna zuwa kunnenta.

Bayan cirar albasa Raihana ta dawo da mato fara da baƙi daga Yamai, da mai ɗaukar hoto. Sun ji labarin fadamar da ba a ƙona ko kwalba ɗaya ta mai a cikinta, har mai injunan da kansa ya ajiye su ya rungumi sola. Suna son hoton shugabar kwamite da shi a gaban pano, suna gaisawa. Raihana ta kawo mata saƙon tana kallon ƙasa.

"Su ɗauke shi shi kaɗai," in ji Fatiha.

Aka nemo Maiguwa, aka sa masa babbar riga, aka tsayar da shi a gaban panon, mai hoto na ce masa ya ɗan yi murmushi, ya ɗaga albasa biyu sama. Ya ɗaga. Baƙin suka tafa.

Fatiha ta danƙa makullin ga mataimakiyarta na sati biyu, ta ɗauki jakarta. Kamyon Sufyanu na bakin hanya an gama lodi, buhunan albasa har sama. Ta hau gaba, ta ce masa su tsaya kasuwar Madawa, ƙaramar 'yarsu takalmanta sun matse ta.